Faifai Ya Huje, An Ƙone Rumbu

Maƙalar wannan makon ba ta salo ba ce, ba kuma ta ƙa'idojin rubutu ba, don haka masu jiran mu ci gaba da rigimar raba kalma da haɗe ta su yi mana haƙuri zuwa mako mai zuwa. Yau da ɓacin rai muka zo, kuma kashi biyu ne: ƙaramin kashin na masu gyaran kwamfuta, mai tsokar kuwa namu ne mu marubuta.

Watan jiya wata 'yar uwa a ƙungiyarmu ta rasa babi goma sha ɗaya na littafin da ta kwashe shekara biyu tana rubutawa. Ba ɓarawo ne ya shiga ɗakinta ba, ba kuma gobara aka yi ba. Laftof ɗinta ce ta tsiro da wani hali: tana cikin rubutu sai fuskar ta rikiɗe ta koma shuɗiya, ta mutu, ta sake tashi da kanta. Wata rana sau ɗaya, wata rana sau biyar. Ta ɗauka ta kai shagon wani mai gyara. Ya kunna, ya jira shuɗin ya fito, ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, bairos ne ya cinye ta, sai fomatin." Ta ce, "Injiniya, to rubutuna fa?" Ya ce, "Ai kin ce kina da shi a filash." Tana da shi a filash ɗin kuwa, sai dai kwafin wata huɗu baya ne, kuma ba ta tuna da haka ba sai da ta koma gida. Aka yi fomatin, ta biya. Kwana biyu tsakani shuɗin ya dawo kamar ba a taɓa kwamfutar ba. Ta koma shagon, wannan karon aka ce mata, "To Hajiya bod ne ya tafi, gara ki sayar da ita a matsayin kayan gyara, ki cika kuɗi ki sayi wata."

Allah ya sa ba ta sayar ba, ta zo da ita zamanmu na ƙarshen mako. Muka kwance murfin ƙasa, muka tarar da fallen RAM guda biyu. Muka cire ɗaya muka kunna. Har aka tashi daga zaman kwamfutar ba ta yi ko tari ba. Muka mayar da shi muka cire ɗayan, ba a yi minti goma ba shuɗin ya bayyana. Ciwon ke nan gaba ɗaya: falle ɗaya da bai fi tsawon yatsa ba. Ba bairos, ba bod. Abin da muka yi amfani da shi sukundireba ne da haƙuri. Amma babi goma sha ɗayan nan sun riga sun tafi.

Mu fara da abin da ya kamata duk mai rubutu a kwamfuta ya sani tun ranar da ya saye ta, domin rashin saninsa ne ya jawo wannan asarar. Wuraren ajiya biyu ne a cikin kwamfuta, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Akwai rumbu, wato abin da masu gyara ke kira had-dis ko SSD. A nan littafinka yake kwance ko an kashe kwamfutar, ko ta shekara a cikin akwati. Sannan akwai RAM, wanda shi kamar faifai ne. Duk abin da za a yi aiki a kansa sai an ɗebo shi daga rumbu an zuba a faifai, a tsince, a gyara, a mayar. Da zarar wuta ta ɗauke, faifai ya koma fanko. RAM ba ya riƙe ko harafi ɗaya bayan an kashe kwamfuta. Ma'ana, za ka iya cire shi, ka canza shi, ka jefar da shi, littafinka na nan inda yake. Shi kuwa fomatin rumbu yake sharewa, ba ya taɓa RAM ko kaɗan. To wanda faifansa ya huje, hatsi yana zuba, sai aka ba shi shawarar ya cinna wa rumbu wuta, me aka yi ke nan? An bar jaki ana dukan taiki, kuma taikin shi ne dukiyar gidan.

Mun san abin da wasu za su ce, don mun sha ji a nan zauren: mu marubuta ne, ba injiniyoyi ba. Wannan maganar ce muka zo mu yaƙa. Tela ba injiniya ba ne, amma ka taɓa ganin telan da zare ya sarƙe a kekensa ya ɗauki keken ya tafi kasuwa? Ɗan adaidaita sahu ba makanike ba ne, amma ya san bambancin mai ya ƙare da fulogi ya mutu, kuma babu makaniken da zai ce masa a sauke inji saboda taya ta yi faci ya yarda. Mu ne kaɗai masu sana'ar da muke alfahari da jahiltar kayan aikinmu, har muna ganin hakan wani ado ne na fasihai. Za mu kwana muna musu a kan ko "ko ina" ake rubutawa ko "ko'ina", amma na'urar da ta riƙe mana aikin shekara biyu ba mu san ta inda ake buɗe ta ba. Cikinmu akwai masu difloma daga foli, irinmu, akwai masu digiri har biyu. Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba, raini ne.

Kuma kada wani ya ɗauka lalacewar RAM wani abu ne da ba a cika gani ba, ko kuwa sai a tsofaffin kwamfutocin da ake sauke mana daga Turai. A shekarar 2009 wasu masu bincike uku, cikinsu har da Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto, suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi na kusan shekara biyu da rabi a kan manyan kwamfutocin kamfanin Google. Sun gano sama da kashi 8 cikin 100 na fallayen RAM kan yi kuskure a cikin shekara guda, kuma kusan ɗaya cikin kowane inji uku yakan gamu da kuskuren aƙalla sau ɗaya a shekara. Waɗannan fa injina ne da ke cikin ɗakunan sanyi, ba ƙura, ba ɗauke wuta, kuma irin RAM ɗinsu mai gano kuskure ne ya gyara da kansa, wanda ake kira ECC. Laftof ɗinmu galibi ba su da wannan. Ko Linus Torvalds, mutumin da ya ƙirƙiro Linux a 1991, ya gamu da abin a watan Oktoban 2022. Kwamfutarsa ta riƙa faɗuwa ba dalili, da farko ya zargi manhajar da yake aiki a kanta, sai da ya bar gwajin Memtest86+ ya kwana yana gudana sannan ya tabbatar falle ɗaya ne ya lalace bayan fiye da shekara biyu yana aiki lafiya. Ku lura da abin da ya yi: gwaji ya yi. Bai share rumbunsa ba.

Rashin wannan ECC ɗin yana da wata illa da ta fi shuɗin allo haɗari ga marubuci, kuma ba a cika faɗa mana ba. RAM mai ciwo ba kullum yake kayar da kwamfuta ba. Wani lokaci shiru zai yi ya gurɓata abin da ya ratsa ta cikinsa. Ka buɗe littafinka, ka yi gyara, ka adana, ashe abin da ya koma rumbu ya riga ya samu tabo. Fayil ɗin Word na zamani a dunƙule yake kamar ƙullin kaya, tabo kaɗan ya isa ya sa gobe ka danna ya ce ba zai buɗu ba. Idan kuma kana da ɗabi'ar kwafe sabo a kan tsoho a filash, to ka kashe mai lafiyar da hannunka. Saboda haka daga ranar da kwamfuta ta fara wannan hali, aikin farko ba gyara ba ne. Kwashe rubutunka, ka buɗe kwafin a waya ko a wata kwamfutar ka tabbatar yana buɗuwa, kada ka goge tsofaffin kwafi, ka riƙa sa wa kowane kwanan wata a sunansa. Babu uzurin data a nan. Littafi mai kalma dubu ɗari, idan babu hotuna a ciki, bai kai nauyin hoto ɗaya da kake ɗauka da wayarka a wurin biki ba. Google Drive yana ba da 15GB kyauta, kuma tura wa kanka imel ma ajiya ce.

Yanzu alamomin. Shuɗin allo da ke zuwa ba tare da tsari ba, yau a Word, gobe kana kallon bidiyo, jibi ba ka taɓa komai ba, kuma rubutun da ke ƙasansa yana canzawa. Idan ka ga MEMORY_MANAGEMENT ko PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, ɗauki hotonsa da waya. Ba hujja ba ce yankakkiya, domin direbobin manhaja ma kan jawo su, amma dalili ne na a gwada RAM kafin komai. Wata alamar ita ce sa sabon Windows ya riƙa tsayawa a tsakiya, yau a nan gobe a can. Wata kuma ka danna makunni, fanka ta juya, fitilu su kama, amma fuska baƙi ƙirin. A nan ne aka fi yi mana saurin yanke hukuncin "bod ya tafi", alhali kwamfutar tana faɗar ciwonta da bakinta, mu ne ba mu jin yaren. A yawancin Dell Latitude na shekarun baya-bayan nan, fitilar batir tana ƙifta ruwan goro sau 2 sannan fari sau 3 idan ba ta ga RAM ba, ruwan goro 2 fari 4 idan ta gan shi amma ya lalace. A HP fitilar Caps Lock ce ke ƙiftawa: sau 3 a tsofaffi, dogo 3 gajere 2 a sababbi. ThinkPad kuwa ƙara take yi, ɗaya, uku, uku, ɗaya. Ƙirga, ka rubuta, ka duba littafin samfurin kwamfutarka a shafin kamfanin.

Bari mu cire abu biyu daga lissafi don kada gobe a cika mana akwatin saƙo. Nauyin kwamfuta ba lalacewar RAM ba ne. Galibi ƙarancinsa ne, ko tsohon had-dis mai juyawa. Haka nan idan ƙ da ɗ da ɓ suka koma 'yan akwatuna a rubutunka, wannan matsalar nau'in haruffan da ka zaɓa ce, RAM bai san zancen ba.

Idan kwamfutar tana tashi, gwajin farko ko sukundireba ba ya buƙata. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta mdsched, ka danna Enter, ka zaɓi ta sake tashi yanzu. Za ta yi gwajin da kanta ta nuna sakamako bayan ka shiga. A HP akwai gwajin kamfani idan ka danna Esc sannan F2 lokacin tashi; a Dell F12 ne, ka zaɓi Diagnostics. Waɗannan gwaje-gwajen na sama-sama ne, sukan kama babban ciwo su tsallake ƙarami. Mai zurfin shi ne MemTest86, wanda Chris Brady ya fara rubutawa a 1994, ko ɗan uwansa Memtest86+, duka ana samunsu kyauta. Ana ɗora shi a filash a tayar da kwamfuta daga kansa. Ku ji da kyau: ɗora shi yana share duk abin da ke cikin filash ɗin, don haka kada ka yi amfani da wanda ka ajiye littafinka a ciki, kar a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Ka bar shi ya yi zagaye huɗu. Yana ɗaukar awanni, don haka nemi daren da ake da wuta ko gidan mai sola. Kuskure ɗaya tak ya isa shaida. Babu wani "ai kaɗan ne".

Sai dai gwajin nan abin da zai gaya maka shi ne akwai ciwo a hanyar RAM. Ba zai bambance maka ko fallen ne ko gurbin da aka zura shi ba, wato abin da masu gyara ke kira silot. A nan ne ake tafka asara ta biyu. Mutum ya sayi sabon falle ya zura a mataccen gurbi, ciwo ya ci gaba, sai ya ce an sayar masa da jabu, ko ya yarda bod ne. Wani kuma ya jefar da falle mai lafiya. Hanyar rarrabewa ba ta buƙatar wata na'ura, hankali kawai take so, irin wanda muke taƙama da shi idan muna warware ƙullin labari.

Kashe kwamfutar gaba ɗaya, ba barci ba. Zare caja, cire batir. Idan na ciki ne, zare wayarsa daga bod da zarar ka buɗe murfi. Danne makunni na daƙiƙa goma sha biyar don ragowar wuta ta fita. Taɓa wani ƙarfe, kamar ƙofa ko taga, kafin ka taɓa cikin, musamman da hunturu. Tartsatsin nan da kake ji idan ka cire rigar sanyi ko ka ja bargo a lokacin busasshiyar iska, wanda bai kai shi ba ma ya isa ya kashe falle. Kada ka yi aikin a kan katifa ko kafet. Ɗauki hoto kafin ka taɓa komai, ka jera kusoshin yadda ka kwance su don tsawonsu ba ɗaya ba ne. Za ka ga fallen a kwance, 'yan ƙarafa biyu sun riƙe shi ta gefe da gefe. Buɗa su waje a hankali, zai ɗago da kansa a karkace, ka zare shi ta gefuna, ban da taɓa haƙoransa masu ruwan zinare. Wajen mayarwa ma a karkace zai shiga, ka tura har haƙoran su kusan ɓacewa, sannan ka danna ƙasa ka ji ƙaf.

Sau da yawa wannan cirewa da mayarwa kaɗai ita ce maganin. Kwamfutar da ke yawo a jaka, ta sha gargadar hanya a bayan babur, ta sha ƙurar hunturu, falle yakan ɗan goce ko haƙoransa su yi dauɗa. Goge haƙoran a hankali da farar kilinar fensir mai laushi, ka kakkaɓe ɓurɓushin tas, ka busa gurbin da abin hura iska. Ban da baki, don yawu ruwa ne. Ban da allura ko tsinke a cikin gurbi.

Idan ciwon bai tafi ba, sai shari'a. Sa wa fallayen suna da ɗan tef, na ɗaya da na biyu, haka gurabun. Falle na ɗaya shi kaɗai a gurbi na ɗaya, ka gwada. Shi ɗin dai a gurbi na biyu, ka gwada. Sannan falle na biyu ya bi gurabun biyu haka. Zama huɗu ke nan, kuma ka rubuta sakamakon kowanne a takarda, domin a zama na uku kai yakan ruɗe. Idan ciwon yana bin falle ɗaya duk inda aka kai shi, fallen ne mai laifi. Idan ciwon ya tsaya a gurbi ɗaya ko wane falle aka sa masa, gurbin ne. Idan kowanne yana aiki shi kaɗai amma haɗuwarsu ce rigima, to duba takardun da ke manne a jikinsu, mai yiwuwa ba jinsi ɗaya ba ne. Sai idan duk zaman huɗun sun faɗi, kuma ka aro falle mai lafiya na irin jinsin daga wani ɗan uwa shi ma ya faɗi, a lokacin ne maganar bod ta halatta. Mai falle ɗaya ya gwada shi a ɗayan gurbin, sannan ya yi aro. Abu biyu na lura: wasu kwamfutocin ba sa tashi sai gurbin farko yana da falle, kuma wasu gurbinsu na biyu a ɓoye yake. A ThinkPad T420, misali, ɗaya yana ƙasa, ɗayan yana ƙarƙashin kibod. Mun ga wanda ya rantse kwamfutarsa gurbi ɗaya gare ta saboda wannan.

To a ce gurbin ne ya mutu. Shi ke nan kwamfuta ta zama gawa? Ko kusa. Gurbi yakan mutu shi kaɗai: ƙarfen riƙo ya karye, haƙori ɗaya na ciki ya lanƙwashe, ko dalmar da ta liƙa shi da bod ta tsage saboda zafi da yawan ɗaga kwamfuta ta kusurwa ɗaya da hannu ɗaya, ɗabi'ar da kusan dukkanmu muke da ita. Alamar wannan ita ce kwamfuta ta daskare idan an motsa ta, ko ta riƙa nuna 8GB yau, gobe 4GB. Ba sabon abu ba ne. A 2006 kamfanin Apple da kansa ya buɗe shirin gyara kyauta ga wasu PowerBook G4 masu inci 15 saboda gurbinsu na ƙasa yana daina aiki. Mafita mafi sauƙi ita ce ka bar mataccen gurbin fanko, ka sa falle ɗaya mai girma a mai lafiyar. Za a ce maka ka rasa gudun da ake samu idan gurabu biyu suna aiki tare. Gaskiya ne, amma mai buga labari a Word ba zai taɓa jin bambancin ba. Ka dai sani yawancin tsofaffin masu DDR3 ba sa karɓar fiye da 8GB a gurbi guda. Dabarar cusa takarda a danne falle kuwa, da ta gasa gurbi da iska mai zafi ba tare da gwaninta ba, mu ba mu ba da shawararsu. Ta farko jinkirta ciwo ce, ta biyun takan mayar da ciwon gurbi ya zama na bod da gaske.

Wajen sayen falle ma ana yi mana sakiyar da ba ruwa, kuma a nan karatu kawai ake buƙata, abin da muke cewa shi ne sana'armu. Karanta takardar jikin tsohon. PC3 shi ne DDR3, mai haƙora 204, yana cin wuta bolt 1.5. PC3L shi ne DDR3L, haƙoransa 204 ne shi ma, amma bolt 1.35 yake ci. PC4 shi ne DDR4, haƙora 260, bolt 1.2. DDR5 yana da 262. Kowane jinsi yana da 'yar wushirya a wurin da ya bambanta, don haka DDR4 ba zai shiga gurbin DDR3 ba; idan ka ga yana ƙi, kada ka danna da ƙarfi. Tarkon yana tsakanin PC3 da PC3L, domin wushiryarsu wuri ɗaya take, kowanne zai shige gurbin ɗan uwansa lafiya lau. Amma laftof masu injin Intel zubi na huɗu, irin su EliteBook 840 G1 da Latitude E7440 da suka cika hannun ɗalibai da marubuta, PC3L suke so. Ka sa musu PC3 su ƙi tashi, sai a ce maka bod. Harafi ɗaya ne tsakani, mu da muka san abin da ke tsakanin "ƙasa" da "kasa" bai kamata wannan ya wuce mu ba. Idan kuma ka sa 8GB ka ga Windows yana amfani da uku da 'yan kai, duba ko mai 32-bit aka sa maka, don shi ba ya iya amfani da fiye da 4GB. Wasu siraran kwamfutocin kuma, kamar MacBook Air, RAM ɗinsu a liƙe yake da bod, babu gurbi sam. Waɗannan gwajin filash ko na kamfani ne iyakarka, sauran aikin na ƙwararre ne. Haka wanda kwamfutarsa ke da garanti, ya fara komawa inda ya saya.

Masu gyara da ke cikin wannan zaure, mun san kuna nan, kuma wasunku sun fi mu iya rubutu. Ba mu ce duk ɗaya kuke ba. Akwai waɗanda ba sa taɓa rumbun mutum sai sun kwashe masa kayansa, akwai masu gyaran bod da hannunsu abin a sara wa ne. Amma wanda zai yi wa kwamfuta fomatin bai gwada RAM ba, ya karɓi kuɗi, ciwo ya dawo, ya ce bod, sannan ya yi tayin sayen "gawar" da araha, ya san abin da yake yi, ko kuma bai san aikinsa ba. Ya zaɓi ɗaya. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Sai dai mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu muka koya musu. Wa a cikinmu zai yarda ya biya kuɗin bincike idan ba a canza komai ba? Mai gyara ya ce a bar masa kwamfuta ta kwana a kan gwaji, ya ƙona man janaretonsa, washegari ya ce falle ne ya goce, ya mayar, sai mu ce, "Haba Injiniya, ai ba ka yi komai ba." Amma ya yi fomatin cikin awa ɗaya, mu ga sabon hoto a fuska, mu biya muna godiya. Mun fi son aikin da ido ke gani a kan aikin da ke warkarwa, kuma kullum a gaggauce muke zuwa, saura kwana biyu a rufe gasa. Wanda ya biya kuɗin fomatin da fara'a ya hana kuɗin gwaji, shi ya zaɓar wa kansa irin gyaran da za a yi masa.

Ba mu ce kowa sai ya buɗe kwamfutarsa ba. Wanda hannunsa ke rawa ya kai wa mai gyara, amma ya je da tambayoyinsa. An gwada RAM? Da me aka gwada, zagaye nawa? An sauya fallayen a gurabu? Idan aka ce dole sai fomatin, ka ce a kwashe maka kayanka a gabanka, ka buɗe su ka gani tukuna. Idan aka ce bod ya mutu, ka ce a ciro maka rumbunka. In dai ba liƙaƙƙe ba ne, ana sa shi a ɗan gida mai wayar USB a karanta shi a wata kwamfutar. Wanda rumbunsa ke kulle da BitLocker ya nemi mabuɗinsa mai lamba 48 a asusunsa na Microsoft tun yau, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kuwa an riga an yi fomatin, daina amfani da kwamfutar nan take, domin duk abin da ka ƙara zubawa yana iya hawa kan abin da kake son cetowa. A tsohon had-dis ana iya dacewa da manhajoji irin su PhotoRec. A SSD damar ba ta da yawa.

Ita 'yar uwar tamu SSD gare ta, kuma ta yi mako biyu tana aiki a kai kafin ta zo mana. Babi huɗu muka tsinto daga abin da ta taɓa tura wa ƙawayenta biyu a WhatsApp don su duba mata. Sauran bakwan tana sake rubutawa, ta ce wanda uwar jarumar ta rasu a cikinsa ya ƙi dawowa yadda yake. Kwamfutar kuwa tana nan tana aiki da falle ɗaya, ko sabo ba ta saya ba tukuna.

Masu zuwa zaman Asabar, kowa ya zo da laftof ɗinsa da caja da filash wanda babu komai a cikinsa. Sukundireba muna da guda biyu, wanda yake da ƙarami mai bakin tauraro ya taimaka ya taho da shi.